Darar da Na Bi da Kunne

Jikana ne ya tayar mini da wannan tsohon zance, ba kuma da niyya ba. Yana karatun digiri na biyu a jami'a, a kan abin da suke kira ƙirƙirarriyar basira, wato a koya wa kwamfuta ta yi ta lura da abu har ta iya shi da kanta. Duk faɗin duniyar nan bai ga abin da zai koya mata ba sai dara. Ba darar mata ta zuba 'ya'ya gida-gida ba, darar maza, mai gurbi talatin da ake tonawa a ƙasa, layi biyar, kowane layi gurbi shida. Kowa da 'ya'yansa goma sha biyu, wanda ya jera uku a layi ya cire ɗaya daga na abokin wasansa. Ya daɗe yana bin tsofaffi unguwa-unguwa da waya a hannu yana ɗaukar wasansu. In ya tara sai ya zuba wa kwamfutar, ita kuma ta tantance wane taku ne ke kai mutum ga ci, wane ne ke kai shi ga faɗuwa. Daga baya ya sa ta yi ta karawa da kanta har ta ƙware.

Wata rana bayan la'asar ya same ni a gidana na Gawon Nama ina gyaran zogale. Ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya koma tsokanar da muka saba, ya ce, "Amarya, yau na kawo miki wadda za ta rama mini. Duk cin da kinka yi mini ina yaro, yau za ki biya."

Ni ce na koya masa dara a tsakar gidan nan, shi ya sa yake so in fara gwada abin nasa kafin ya kai wa malamansa. Abin da bai sani ba, ko in ce abin da nake zaton babu wanda ya sani, shi ne idona ya daɗe yana rufewa. Yanar ido ce ta sauko a hankali. Nakan buɗe Alƙur'ani da safe in riƙe shi a gabana, amma da ka nake karantawa. Gishiri da sukari da yatsa nake bambance su. Ban faɗa wa 'ya'yana ba, ba don ba su da tausayi ba, sai don tausayin nasu ya yi yawa. Na san ranar da suka ji, za su karɓe madafata, su kwashe ni zuwa gidan babbansu, a zaunar da ni a kujera ana kawo mini abinci kamar baƙuwa. A ɗakin nan na yi jego, a nan aka yi wa mijina wanka aka fitar da shi. Ba na so in bar shi da ƙafata.

Kafin mu fara, ya ce bari ya nuna mini irin abin da ya ɗauko. Ya kunna wayar, ya miƙo mini. Haske kawai na gani da inuwa tana motsi, sai na kasa kunne, na ji shiru. Na tambaye shi ina muryoyin mutanen. Ya ce ya cire, don hayaniya ce kawai da zambo, ita kuwa na'urar abin da take bukata shi ne inda ɗa ya tashi da inda ya sauka. Gaskiyarsa ne, ba a koya wa ɗalibi karatu a tsakiyar kasuwa. Amma shirun nan ya ɗauke ni ya mayar Ƙofar Rini, unguwar da na tashi, na ce masa ya aje wayar tukuna, in ba shi labari.

Babana ma'auni ne, gero da dawa yake sayarwa a kasuwa. Mutum ne mai ƙarancin magana, har Inna takan ce in yana gida sai ka leƙa ka ga takalmansa kafin ka tabbata. A ƙofar gidanmu akwai wata bishiyar durumi, a gindinta gurabun dara suke, sun yi sumul saboda hannu. Bayan la'asar maza sukan taru. Ba a sa ko ƙwayar goro a kai, kuma da an ji kiran magariba ake tashi ko wasa ya kai ina, wannan sharaɗin Baba ne tunda ƙofarsa ce.

Gwanin wurin wani baduku ne daga Ƙofar Dundaye, abokin Baba tun suna makarantar allo, ko da yake ya girme shi. Mu Baba na Dundaye muke ce masa. Da tsinkaye yake wasa, abokin karawarsa da tsakuwa. Ya daɗe da bar wa 'ya'yansa ɗinkin fata, yana cewa yatsunsa sun yi tauri. Matarsa ta rasu, shagon ya koma hannun yara, abin da ya rage masa a gari shi ne gindin durumin nan, inda in ya iso ake matsawa a ba shi wuri, inda in gardama ta tashi shi ake juyawa a kalla.

Ba yatsu ba ne, ido ne. Baba ya gane tun ranar da ya ga hannun tsohon ya nufi gurbin da babu komai a ciki, ya tsaya a sama, ya koma gemu kamar tunani yake. Ga al'adar dara a wurinmu, hannu ba ya yawo a kan gurabu. Ɗan da ka taɓa shi za ka ɗaga. Wanda ya fara lalube ya gama wasa a wurin, ba korarsa za a yi ba, tausayinsa za a fara ji, a riƙa yi masa sassauci, a ƙarshe a shimfiɗa masa tabarma a gefe. Maganin irin wannan ciwo kuwa a lokacin, in ban da tozali da addu'a, ba mu san wani ba.

Ni duk ban san wannan ba. Ina makarantar 'yan mata ta kwana a shekarun ƙarshe kafin 'yancin kai, ina cikin 'yan kaɗan da aka bari suka wuce firamare a unguwarmu. Abin da na sani shi ne wani hutu da na dawo, Baba ya kira ni bayan rumbu da hantsi, ya tona gurabu, ya ce in kwance kallabina in ɗaure idona da shi. Na riga na iya dara, don tun ina ƙarama yake koya mini a cikin gida, da yake bai samu ɗa namiji da wuri ba. Inna ta fito da turmi ta gan mu, ta ce, "Malam, mi kaka yi da ɗiyar mutane haka?" Ya ce so yake ya ga ko bokon ya wasa mini kai.

Ya ba layukan biyar suna. Na jikin bango Rini, sai Dundaye, na tsakiya Kasuwa, sai Marke, na can ƙarshe Gulbi. Gurabun kowane layi daga gabas ake ƙirga su. Duk ɗan da ya aje sai ya faɗi inda ya aje, ni kuma in ce inda nawa zai sauka, in kai hannu sau ɗaya tak. Da farko na yi ta ɓata. Bai taɓa yi mini faɗa ba, sai ya tambaye ni abin da ya ruɗa ni. Na ce in ya fara faɗin lamba kafin sunan layi, kaina ba ya samun inda zai aje lambar. Ya gyara. Na ce in ya faɗi inda ɗa ya sauka bai faɗi inda ya taso ba, sai in ga ɗa biyu a raina. Ya gyara wannan ma. Ya kuma riƙa sa ƙannena su yi ta surutu a kanmu, ya ga ko zan iya tsinto muryarsa daga cikin tasu. Kafin hutun ya ƙare ina iya kai wasa ƙarshe ido a ɗaure. Na ɗauka don ni ake yi, har na yi ta alfahari a makaranta.

Hutu na gaba da na dawo, sai na tarar da wani Baba daban a ƙofar gida. Daga cikin zaure ana jin muryarsa. "Na tashi Rini ta biyu, na sauka Dundaye ta biyu, ƙofar gidanku, baduku! Wa za shi tashe ni?" In tsohon ya yi nasa takun, Baba ya kwashe da dariya ya ce a zo a ga wanda ya bar Kasuwa ta uku ya koma ta huɗu kamar mai gudun bashi. Zambo ba sabon abu ba ne a wurin dara, kowa na yi, amma ba Baba ba. Kuma nasa ba ya ɗaukewa, kowane taku da nasa. In ma ba shi ke wasa da tsohon ba, yakan tsaya a kansu yana yi.

Kunya ta kama ni. Inna ta fi ni jin abin, don mata sun fara tambayarta ko Malam ya shiga jam'iyya ne, tunda lokacin siyasa ce, duk wanda muryarsa ta tashi ana cewa ya sami tsayawa takara. Limamin unguwarmu ya ja shi gefe ya yi masa nasiha a kan girma da kame baki. Baba ya sunkuyar da kai ya saurara har ƙarshe, ya yi godiya, da la'asar ta yi ya koma ya ci gaba. Ban taɓa jin ya ba wani dalili ba, ko Inna.

Sai makon 'yancin kai ya zo. An sallame mu daga makaranta kowace da 'yar tutarta kore da fari. Gari ya cika da baƙi daga ƙauyuka, gero ya fara shigowa, ko'ina kiɗa. Cikin baƙin akwai wani manomi daga can kudancin lardi, ƙasar da aka san su da dara. Ya ji labarin baduku, ya yi ta tambaya har aka kawo shi ƙofar gidanmu. Ba yadda tsohon zai ƙi, a gaban mutane aka nema, kuma ranar taron ya ninka na kullum.

Ina bayan bangon zaure da faifai a cinya ina tsintar shinkafa. Na ji an yi gaisuwa, an share gurabu, an yi bisimilla. Baƙon irin masu wasa shiru ne, ko sautin aje tsakuwarsa ba a ji. Ga ƙa'ida, ɗan kallo ba ya nuna wa mai wasa taku, wanda ya yi haka tashinsa ake yi. Amma yana iya zaɓar gwaninsa ya yi ta kirari da zambo. Sai na ji muryar Baba ta tashi, kuma baƙon ya goya wa baya.

"Ya sauka Kasuwa ta uku! Baƙo ya kama tsakiyar gari, baduku, sai ka nemi bakin gulbi."

Hannuna ya tsaya a cikin shinkafa. Ban san lokacin da na fara jera tsakuwar da na tsince a ƙasa ba, da ƙwayoyin shinkafa a madadin tsinkaye. Kowane taku yana iso ni ta cikin bango, sunan layi sannan lamba, inda ɗa ya taso da inda ya sauka, daidai yadda na roƙa a bayan rumbu. Ga ni ba na ganin komai, amma wasan duka yana gabana. A nan ne na gane ba ni kaɗai ce nake bin darar nan da kunne ba. Inna ta zo ta tsaya a kaina ta dubi abin da na jera, ta dube ni. Sai ta zauna a gefena ta karɓi faifan.

Wasan ya yi tsawo. An gama zuba 'ya'ya an shiga taku, tsohon ya ci biyu a jere, wurin ya ɗauki sowa. Baƙon ya rama ɗaya. Can sai ga 'yan makaranta sun biyo ta layinmu da ganguna suna waƙa, suka daɗe suna wucewa. A cikin wannan ƙarar baƙon ya yi taku, na ji Baba ya yi magana amma ban kama ko kalma ɗaya ba. Gangunan suka yi nisa, wurin ya yi tsit, ana jiran tsohon. Ni da ke bayan bango ban san inda tsakuwar ta koma ba, na kuma san shi ma bai sani ba. Wani ya ce, "Baba na Dundaye, kai aka jira."

Sai Baba ya ɗaga murya fiye da yadda na taɓa ji. "Ku bari in sake hwaɗi mai, ko kunnen ma ya tsuhwa! Daga Marke ta biyar zuwa Kasuwa ta biyar, baduku. An rufe maka hanya."

Wasu suka yi dariya, amma ba duka ba. Wani dattijo maƙwabcinmu ya ce, "Haba Malam, abokinka na fa. A gaban baƙo?" Tsohon ne ya amsa, muryarsa a sake, ya ce a ƙyale ɗan hatsi, tun suna yara bakinsa ya fi hannunsa iya dara. Sannan ya yi takunsa, Baba ya bi shi da zambo, na matsar da ƙwayar shinkafata.

Bai ci wasan ba. Baƙon ya haɗa abin da ake kira doki, wato jerin da in ka matsa ɗa guda gaba ka ci, in ka mayar da shi ka sake ci. Tsohon ya toshe shi sau ɗaya, ya kasa na biyu, aka cinye shi dab da magariba. Amma cin gwani aka yi masa. Na ji baƙon, wanda bai yi magana ba tun gaisuwa, yana cewa tun da yake wasa ba a taɓa sa shi gumi haka ba. Mutane suka watse suna maimaita takun da aka yi, suna gardama a kan inda wasan ya juya. Ba wanda ya ambaci ido.

Bayan an idar da salla su biyun suka shigo zaure, aka ce in kawo ruwa. Na durƙusa na miƙa kwanon, na lura Baba ya karɓa ya sa shi daidai cikin tafin tsohon. Ya sha, ya yi hamdala. Na jira in ji godiya, ko faɗa, ko wani bayani. Abin da ya ce kawai shi ne, "Gobe ma ka taho da bakin nan naka." Baba, da muryarsa da ta dishe, ya ce in Allah ya kai mu.

An daɗe wasu maƙwabta suna gaida Baba a daƙile. Tsohon ya ci gaba da zama a wurinsa har damina ta zagayo. Da hasken ya ɗauke gaba ɗaya, shi da bakinsa ya faɗa, a ranar da ya zaɓa, ya tashi ya ba wani wurin. Tun daga ranar Baba ya koma shirunsa. Waɗanda suka gane sun gane, ban san ko liman yana cikinsu ba. Ban ƙara jin Baba ya ɗaga murya ba sai a kabbarar idi. Allah ya jiƙansu duka, ya sa sun huta.

Na ba jikana wannan labari ina ganin kare hayaniyar da ya cire kawai nake yi. Ya saurara har na gama. Sannan ya jawo kujera 'yar tsugune, ya aje wayar a tsakaninmu, ya ce na'urar ce za ta fara. Na dubi gilashin, hazo ne mai haske. Na fara shirya abin da zan ce, ko tuwo na kan wuta, ko alwalata. Sai na ji ya gyara murya.

"Amarya, ta sauka Rini ta biyu, jikin bangonki. Ina za ki gudu?"

Ya ƙara da cewa kada in taɓa gilashin da hannun zogale in ɓata masa waya, in faɗa kawai shi zai danna mini. Na ce Kasuwa ta uku. Ya ce lallai tsohuwa ta kama tsakiyar gari, bari mu ga ko za ta iya riƙewa. Haka muka yi har ƙarshe. Bai iya zambo kamar Baba ba, sau da yawa yakan fara da lamba sai in ce ya sake. Na'urar ta cinye ni, ba ta ko yi jinkiri ba. Ta iya dara, wannan kam ba gardama.

Yana naɗe wayar cajinsa na yi ta tunanin baduku. Shi ba shi da inda za a kai shi, abin da abokinsa ya iya ba shi sai ƙarin lokaci a gindin durumi. Ni kuwa akwai asibiti, na kuma ji ana cire irin wannan yanar. Tsoron kujerar nan ne ya hana ni. Yaron nan ya ga halin da nake ciki, bai tausaya mini a fuska ba, bai karɓe mini wasa ba, bai kuma sa na'urar ta yi mini sassauci ba.

Na ce masa, "Gobe ka taho da mota, ka kai ni a duba man idon nan. Amma ka hwaɗa wa ubanka, madafata tawa ta."

Ya ce ai ko ban faɗa ba, shi ba ya iya cin tuwon kowa sai nawa, don haka zai tsaya mini.

An yi wa ido ɗaya aiki, da shi nake wannan rubutu, ɗayan yana jiran lokacinsa. 'Ya'yana sun yi faɗan ɓoyewar da na yi, babban ya kawo zancen in koma gidansa, muka yi ta ja har ya haƙura. Ina ɗakina. Jikana ya mayar da muryoyin da ya cire, ya aje su a gefe. Ya ce har yanzu bai san yadda zai koya wa na'urar abin da za ta yi da su ba, don shi kansa bai san wane zambo ne zambo kawai ba. Yakan zo da su ranar Juma'a bayan la'asar ya kunna mini, tsofaffin da ban sani ba suna ta tsokanar juna a gindin wata bishiya. In ya kunna nakan rufe idon, har wanda aka gyara.